Katunan da Na Baje a Tabarmar Inna

Na san maganar da kuka taso kuna ji a gidajen biki, wadda ake haɗiyewa idan na ɗaga labule na shigo. Ana cewa uwarku ce ta sauke Dakta Haruna daga kujerarsa, bayan shi ya ɗauke ta aiki. Ban taɓa tsayawa na kare kaina ba, domin a lokacin zuciya gare ni, kuma mai zuciya gani yake bayani ƙasƙanci ne. Yanzu gwiwa ta yi nauyi, zuciyar ma ta yi laushi, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi, da inda na yi daidai da inda na yi kuskure, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

A shekarun da ake tsuke bakin aljihu, muna zaune a gidan gwamnati a Unguwar Rimi, ni da babanku da Inna, mahaifiyarsa, da ku uku, Auta kuwa tana goye. Babanku yana sakatariya, ni kuma ina laburaren wata cibiya da ke binciken amfanin gona da yadda ake adana shi. Dakta Haruna, shugaban wani sashe a cibiyar, shi ne ya kai ni wurin. Ranar da ake tantance mu, wani ya ce matar aure ba ta daɗewa a aiki, yau goyo gobe biki, shi kuma ya ce a ba shi ni, idan na kasa a tuhume shi. Matarsa, Hajiya Yalwa, ita ta zama uwar ɗakina a garin nan da ba ni da kowa. Ita ta yi min kunun kanwa a jegon Sadiya, ita ta koya min inda ake sayen man shanu mai kyau a Kawo, kuma idan na yi faɗa da babanku gidanta nake zuwa in huce. Ku riƙe wannan, don ku san nauyin abin da ya biyo baya.

Wata safiya darakta ya kira ni ofishinsa. Ya ce daga sama an ce cibiyar ta yi sassa da yawa, za a haɗe wasu, kuma kwamitin da zai yanke hukunci yana son ya ga inda bincike ya dosa a ƙasar nan cikin shekara ashirin da suka wuce: wane fanni ne ke tashi, wanne ne ke kwanciya. Ya ce in tattara duk maƙalolin da ke cikin mujallunmu, na mutanenmu da na jami'o'i, in fito masa da hoto guda da mutum zai kalla ya gane. Akwai kwamfuta ɗaya a ofishin, an lulluɓe ta da mayafi kamar amarya, ba mai taɓa ta sai akawun albashi. Jikata ta ce min wai yanzu na'ura tana yin irin wannan aikin kafin ruwan shayi ya tafasa. Ni dai damina guda ya ci min, da katuna da biro.

Kowace maƙala na yi mata kati: sunan marubuci, kan magana, da shekara. Da suka cika kwalaye huɗu, teburin laburare ya kasa ɗauka, sai na riƙa kwaso su gida ina bajewa a falo bayan la'asar. Na fara raba su yadda kowa zai fara, wato sashe-sashe, na masu ƙasa daban, na masu ƙwari daban, na masu iri daban. Mako biyu ina wannan, abin da na samu bai wuce jerin ofisoshin da ke rubuce a ƙofar cibiya ba. Na sake rabawa bisa kan magana, nan ma shirme, domin malaman bincike sun iya raɗa wa tsohon aiki sabon suna. Haushi ya kama ni, na ture kwali da ƙafa. Inna tana zaune a tabarmarta tana jan carbi, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta haddace dangin rabin Zariya har kaka na biyar.

"Ke Rakiya, wai me takardun nan suka yi miki kike harbinsu?"

"Inna, so nake in san waɗanne ne 'yan gida ɗaya. Kowacce na tambaya sai ta faɗa min abin da take so."

"Yo dama ana tambayar mutum danginsa? Kowa cewa zai yi shi jinin malamai ne. In kina son sanin dangin mutum, ki bari sai ranar Sallah, ki ga gidajen da yake shiga gaisuwa. Duk biyun da kika ga suna durƙusa wa tsofaffi iri ɗaya, to 'yan uwa ne, ko da ba sa ga maciji."

Sai na tuna wani abu. A ƙarshen kowace maƙala marubuci yakan jera sunayen waɗanda ya karanta aikinsu ya ɗora nasa a kai, abin da muke kira manazarta. Shekara da shekaru ina wuce wannan shafin kamar bangon littafi. Ashe nan ne gidajen gaisuwar. Washegari na koma kan mujallun tun daga farko, ina rubuta manazartan kowace maƙala a bayan katinta. Duk katuna biyun da na ga sun haɗu a tsofaffi da yawa sai in ajiye su wuri guda, ban damu da sashen da suka fito ko sunan da suka sa wa kansu ba. Inna ta ba ni aron tabarminta biyu, ta kuma ba ni zaren saƙarta ja, ina ja daga tsibi zuwa tsibi idan akwai zumunci a tsakaninsu. Babanku ya riƙa shigowa falo a karkace yana tsallake-tsallake, yana cewa bai taɓa jin gidan da ake neman izinin takarda kafin a zauna ba. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin aiki irin na watannin nan ba. Ina ganin ilimin ƙasa guda yana tattaruwa a gabana gida-gida, kuma ni kaɗai na san fasalinsa.

Da tsibin suka zauna, sai na jera katunan kowanne bisa shekara, tsofaffi a ƙasa, sababbi a sama. Nan hoton ya fito. Akwai wani tsibi da ya tashi har yana zubewa, kusan duk katunansa na sama sababbi ne, kuma zare yana shigo masa ta ko'ina. Aikin ajiyar hatsi ne a rumbu da abin da manomi yake da shi a hannu: toka, yashi, barkono, ganyen darbejiya, da yadda ake yaɓe bakin rumbu iska ba ta shiga. A cibiyarmu wata matashiya ce ke wannan aikin, Dakta Salamatu, ɗalibar Dakta Haruna, ita da mutum biyu a wani ɗaki kusa da gareji. Can gefen tabarma kuma ga wani tsibi mai kauri a ƙasa, siriri a sama, ba zare ko ɗaya da ya shigo masa cikin shekaru masu yawa. 'Yan cikinsa junansu kawai suke gaisarwa. Aikin wani maganin feshi ne da ake kawowa daga waje, wanda a lokacin ko a kanti ba a samunsa. Ban buƙaci juya katunan ba. Na san mai sunan da ke kan yawancinsu, domin shi ne ya sa hannu a takardar ɗaukata aiki.

Kwana uku ban taɓa tabarmar ba. Na nemi kuskure a aikina kamar mai neman allura, na sake ƙirga manazarta, na ɗaga wasu katuna na mayar, tsibin bai motsa ba. Na san hanyar da zan bi in rufa asiri. Ba wanda ya san yadda na yi rabon sai ni. Da na zuba tsibinsa cikin na masu ƙwari, na zana da'ira ɗaya babba, ba mahalukin da zai gane, sashensa ya tsira, ɗakin kusa da gareji ne za a rufe. Babanku, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne har ƙashi, ya san yadda ake rubuta takarda ta faɗi komai ba ta faɗi komai ba.

"Maman Sadiya, a bar kaza cikin gashinta mana. Rahoto nawa na gani an kai sama, ɓeraye suka karanta? Mutumin nan uba ne a gare ki."

"To ita yarinyar da za a rufe wa ɗaki fa, Alhaji? Ita ba ta da uba?"

"Ni ban ce ki cuci kowa ba. Cewa na yi ki sassauta alƙalami."

Inna ba ta sa baki ba sai da ya fita masallaci. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita dai a garinsu idan za a yanke reshen bishiyar da ke gidan mutum, ana yi masa sallama tukuna. Na gane. Na sayi babban farin kwali, na zana kowane tsibi da'ira gwargwadon girmansa, na ja layukan zumunci da jan biro, na rubuta sunayen da ke tsakiyar kowace da'ira. Ranar Asabar da hantsi na naɗe shi, na hau motar haya zuwa gidan Dakta Haruna.

Na same shi a falonsa da jarida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo da abin da nake so ya gani kafin kowa ya gani. Na shimfiɗa kwalin a ƙasa, na danne kusurwoyinsa da takalmana da kofin shayinsa, na yi masa bayanin yadda na raba. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya daɗe yana kallon 'yar da'irarsa can a gefe ita kaɗai. Na jira ya yi faɗa, domin shi ma ba kanwar lasa ba ne, na taɓa ganin ya kori ɗan kwangila da kujera. Bai yi ba. Sai ya matsa wajen babbar da'irar, ya ɗora yatsa a kan sunan da ke tsakiyarta, wata tsohuwar maƙala ce da kusan duk 'yan tsibin suke gaisarwa, tun ta zamanin Turawa, a kan ajiyar wake cikin toka.

"'Yata, wannan H. Rigachikun ɗin, kin san shi?"

"Baba, na neme shi har na gaji. Ba fayil ɗinsa a cibiya, ba wata maƙala tasa bayan wannan. Ina jin ya rasu tun da daɗewa, Allah ya jiƙansa."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Amin. Ni ne."

Na zauna daɓas. Ku ba ku san wannan ba, amma a zamaninsu idan aka kai yaro elementare, malami ba ya tambayar sunan uba, sunan garin da aka kawo shi yake liƙa masa. Shi ɗan Zariya ne, amma a hannun kawunsa ya yi karatu a Rigachikun, sai sunan ya bi shi har ya fara aiki a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Da zai tafi Ingila ƙaro ilimi ya je kotu ya koma sunan mahaifinsa, wanda duk muka san shi da shi. Ya ce min wake da tokar nan a wurin matar kawunsa ya gani, ya auna, ya rubuta. Da ya isa can ya nuna wa malaminsa, mutumin ya karanta ya ce abin sha'awa ne, amma in yana son a ɗauke shi masanin kimiyya ya bar kayan kakanni ya kama na zamani. Ya bari. Ko a takardun neman ƙarin girma bai taɓa saka maƙalar ba, kunyarta yake ji. Su kuma matasan da suke ambatonta ba su san suna gaisa da mai ita kullum a bakin ofis ba.

Nan take na ga mafita, har na ji sanyi a raina. Na ce tunda shi ne tushen babbar da'irar, sai in kwashe duk katunansa in zuba a ciki, kwamiti su ga shi ne uban tafiyar, a bar masa kujerarsa. Ya girgiza kai.

"Malama Rakiya, kin ɗauko gaskiya tun daga Unguwar Rimi har ƙofar gidana, kada ki koma da rabinta. Kati ɗaya ne nawa a can. Sauran suna inda kika ajiye su, kuma nan ne wurinsu. Shekara ashirin ina magana, ashe ni da yarana kaɗai ke cikin ɗakin. Ke ba ki rufe ƙofar ba, leƙowa kika yi."

"Baba, za a ce na ci amanarka."

"Za a ce. Za ki iya ɗauka?"

Na ce zan iya, da saurin bakin da Allah ya ba ni, ban san nauyin abin ba. Ran Litinin na miƙa kwalin da rahoto yadda suke. A shafin ƙarshe na rubuta cewa H. Rigachikun da Dakta Haruna mutum ɗaya ne, amma wa ke kaiwa shafin ƙarshe? Kwamiti suka kalli da'irori, suka ga babba suka ga ƙarama, suka haɗe sashensa da na ajiyar hatsi, suka ba Dakta Salamatu shugabanci. An yi masa tayin wata kujera a hedikwata, ta zaman jiran fansho, ya ƙi. Ya kwashe littattafansa da kansa ya kai ɗakin kusa da gareji, ya zauna ƙarƙashin ɗalibarsa. Ita ta fi shi jin nauyin abin, watanni tana miƙewa tsaye idan ya shigo, har sai da ya yi mata faɗa.

Garin kuwa ya ɗauka. A motar ma'aikata kujerar kusa da ni ta riƙa zama ba kowa. Wata mai buga tafireta ta ce a gabana wai tsintacciyar mage ba ta mage, na ajiye jakata na ce ta maimaita, da ƙyar aka raba mu. Duk wannan bai dame ni ba, wanda bai san dawan garin ba ai sai ya faɗi son ransa. Abin da ya ci ni shi ne Hajiya Yalwa. Ta daina zuwa gidanmu. Na je sau biyu, aka ce tana barci da rana tsaka. Na aika Sadiya da tuwon Sallah, aka dawo da kwanon yadda yake, ko murfin ba a ɗaga ba. Dakta ya ce min ya yi mata bayani har ya gaji, cewa take yi kirkinsa ne ya sa yake rufa min asiri. Ni kuma zuciyata ta tashi, na ce wanda ya ƙi ni don na faɗi gaskiya, ya daɗe bai ƙi ba. Haka muka yi shekara goma sha, muna haɗuwa a gidan suna kowa ta kalli gabas.

Shi kam ya sake zama wani mutum. Ya gina ƙananan rumbuna a gonar kawunsa a Rigachikun, yana tafiya can da tsohuwar motarsa, yana dawowa da toka a gefen riga yana fara'a. Kowane mako sai ya leƙo laburare ya tambaye ni ko wata sabuwar mujalla ta zo, ya zauna a bencin ɗalibai yana kwafa. Idan ya ga ina fushi da wani sai ya ce, a yi hattara, mai tabarma ta fusata, kada ta zana mutum a gefe. Na sake yin irin wannan taswirar sau uku kafin in yi ritaya, wasu cibiyoyin ma suka aiko a koya musu, kuma a ta ƙarshe sunansa na gaskiya yana cikin babbar da'ira da katuna sababbi, ba da alfarmar kowa ba. Na ji daɗin aikina, na kuma ci arzikinsa, da shi aka yi muku karatu. Ban taɓa nadamar kwalin nan ba, ko sau ɗaya.

Da ya rasu na je ta'aziyya ran uku, na shirya wa wulaƙanci. Na tarar da Hajiya a tsakar gida cikin mata, an zube buhun wake ana tsincewa za a yi abincin sadaka. Na durƙusa daga nesa na yi mata gaisuwa, na yunƙura zan tashi.

"Rakiya."

Rabon da in ji sunana a bakinta har na manta yadda take jan shi.

"Kina tsammanin kujera nake wa fushi? Ina da ido. Tun da na aure shi ban ga yana cin tuwo da daɗi ba sai da ya koma wa rumbunan nan. Amma ke, ranar da kika zo da takardarki a hammata, ni kika fara tararwa. Kika gaishe ni, na zuba miki kunu kika sha, na tambaye ki lafiya, kika ce lafiya lau. Kika wuce wurinsa. Sai a bakin matan unguwa na ji abin da 'yata ta zo yi a gidana. Shi kin ba shi girmansa. Ni ce ba ki ga na isa a gaya wa ba."

 Shekara goma sha ina ɗauke da gaskiyata a ka ina taƙama, ban taɓa tunanin ta wannan gefen ba. Gaskiya ta faɗa. Na ɗauka magana ce ta ofis, ta masu karatu, na wuce matar da ta yi min abin da uwa take yi kamar na wuce mai gadi. Hawaye suka zubo min, na ce ta yafe ni. To wannan shi ne laifin uwarku, ba wanda kuke ji a gidan biki ba, kuma shi nake so ku guje wa.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta matsa gefe a kan tabarmarta, ta turo min faifai da mudun wake, ta ce in sa hannu, baƙi suna da yawa. Na zauna kusa da ita muna tsinta har aka kira la'asar.